Tukwanen Gwauruwa da Lambun Tsakar Gida

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Irmiya 29:4-7

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu na Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, gama yau a kan zamanku za mu yi magana. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, buɗe Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, daga aya 1 zuwa 7. Wanda ba shi da shi kuma sai ya kasa kunne, zan ba da labarin a taƙaice.

A zamanin annabi Elisha an yi wata gwauruwa, wato matar da mijinta ya rasu. Mijin nan mai tsoron Allah ne, yana cikin ƙungiyar annabawa, amma ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin ya ce zai zo ya kwashe 'ya'yanta biyu maza su zama bayinsa. Sai ta kai kuka wurin Elisha. Annabin bai ba ta kuɗi ba, bai kuma aike ta fadar sarki ba. Ya tambaye ta abin da ya rage mata a ɗaki. Ta ce ba kome sai ɗan mai a kwalba. Ya ce ta bi gidajen maƙwabta ta aro tukwanen da babu kome a ciki, ta aro da yawa, ta rufe ƙofa ita da yaranta, ta yi ta zuba man. Haka ta yi. Yaran suna miƙo tukwane, ita tana zubawa, har tukwanen suka ƙare, sa'an nan man ya tsaya. Annabin ya ce ta sayar ta biya bashin, ita da 'ya'yanta su ci sauran.

To, ƙaunatattu, me ya haɗa labarin nan da mu?

Wanda ya ji sunan Nguru da Gashuwa daga nesa zai ce ai waɗannan mutane cikin lambu suke kwana. Ga fadama, ga tafkin Nguru, ga kogin Yobe yana wucewa ta Gashuwa, ga shinkafa da kifi da barkono. Gaskiya ne Allah ya albarkaci ƙasar nan da ruwa a bakin hamada. Amma mu da ke ciki mun san ba kowa ke da gona a fadama ba. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930 baƙi suke zuwa neman abinci, da yawa cikin jikokinsu har yau ba su gāji ko taku ɗaya na gona ba. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013 an ƙara samun ma'aikata da ɗalibai masu zaman haya. Akwai malaman makaranta, akwai iyalan 'yan sanda a bariki. Akwai kuma waɗanda tashin hankali ya koro, kamar mutanen Gaidam da suka gudo a watan Afrilu na 2021, suka bar gonakinsu a baya.

Su ma masu fadamar ba su tsira ba. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sāke, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta cinye gonaki. A 2022 ambaliya ta shiga Gashuwa ta yi ɓarna mai yawa. Daga watan Mayu na 2023 kuma, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya hau, kuɗin mota ya hau, kayan miya suka bi su.

Uwargida ta fi kowa sanin inda abin ke ciwo. Maigida ya kawo hatsi, ya ga ya sauke nauyi. Amma tuwo ba ya tafiya sai da miya. Kullum sai an nemi na tumatir da attarugu da ganye, ranar da babu sai a karɓo bashi wurin mai tebur. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ƙarshen wata ya zama abin da ke hana mace bin wata hanya don kunya. In bashin ya ƙi, sai a koma miyar kuka zalla mako bayan mako. Kuka abinci ce mai kyau, amma jikin yaro da na mace mai ciki suna bukatar ɗanyen ganye, domin a cikinsa Allah ya sa abin da ke ƙara jini, da sinadarin bitamin A mai kiyaye ido da taimakon jiki yaƙi da cuta. Mai bin bashi na zamaninmu ba ya zuwa da igiya ya ɗaure yara. Ta tukunyar miya yake shigowa, sai ka ga yaro yana ramewa, gashinsa yana ja, ana ta kai shi asibiti.

Saboda haka tambayar da annabi ya yi wa gwauruwa ita nake kawo muku yau. 'Yar'uwa, duba tsakar gidanki da kyau. Akwai bokitin da ya fashe a gindi. Akwai jarkar da ta tsage, da bahon da ya huje, da randar da ta daina riƙe ruwa, da buhunan shinkafa da aka cusa a bayan ɗaki. Akwai kashin awaki da ake sharewa a zubar kowace safiya. Akwai ruwan wanke shinkafa da ake watsarwa a kwata. Waɗannan su ne tukwanenki. Hausawa suna cewa guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni. A cikin kayan nan da muke kira shara ana iya shuka ganyen miyar gida, ko da gidan haya ne mai daɓen siminti.

Wasu sun riga mu gwadawa. A birnin Dakar na ƙasar Senegal, tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara koya wa mata shuka kayan lambu a kan ƙananan tebura da cikin tsofaffin tayoyi, suna amfani da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa a maimakon ƙasa. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya, inda ɗakuna suka matse har babu filin shanya, bayan rikicin zaɓen da ya kai farkon 2008 dubban iyalai suka koyi shuka ganye a cikin buhu a ƙofar ɗaki. Buntun shinkafar da mutanen Dakar ke nema, mu a nan tsibi yake a bayan injin casa. Bari in faɗa muku yadda ake yi, abu biyar.

Na farko, mazubi. Kowane irin mazubi ka samu, abin da ya fi muhimmanci shi ne ruwa ya sami hanyar fita. Gasa ƙusa a wuta ka huda gindin bokiti wuri 5 ko 6. Idan ruwa ya kwanta a ciki saiwa za ta ruɓe. Alayyafo da latas da lawashi ba su da doguwar saiwa, baho mai zurfin santimita 20 ya ishe su. Jarka mai lita 25 idan aka tsaga ta biyu ta tsawo ta zama kwami biyu. Tumatir da attarugu da kuɓewa da gauta suna son zurfi, a ba kowane tushe ɗaya bokitinsa mai lita 20. Buhu kuma yana da wata dabara. Ka cire gindin babban gwangwani, ka tsayar da shi a tsakiyar buhun, ka cika shi da tsakuwa, ka zuba ƙasa kewaye da shi, sai ka ja shi sama ka sāke cikawa, har buhun ya cika. Tsakuwar nan da ta tsaya a tsakiya ita ce za ta kai ruwa har ƙasa. Sa'an nan ka yi ƙananan tsaga a jikin buhun, tazarar tafin hannu tsakaninsu, ka dasa ganye a ciki, a bisa kuma ka dasa attarugu. Buhu ɗaya a filin da bai fi na kujera ba yana ɗaukar tushe 20 ko fiye.

A nan ina da gargaɗi. Kada ku shuka abinci a cikin robar da aka taɓa zuba maganin feshi, ko baƙin mai, ko ruwan batir, ko da an wanke ta. Mutanen Gashuwa sun san wahalar ciwon ƙoda, gidaje da yawa sun yi kuka a kansa. Jikin da Allah ya ba mu amana ne, kada mu ƙara masa guba da hannunmu.

Na biyu, ƙasa. Ƙasar jigawa ta yankinmu yashi ce, ruwa yana wucewa ta cikinta kamar rariya. Lakar fadama kuma idan ta bushe a bokiti sai ta ƙame kamar tubali. Don haka ake haɗawa: kashi biyu na ƙasa mai kyau, irin ta gindin bishiya, kashi ɗaya na taki, kashi ɗaya na buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da ya daɗe. Takin ya zama wanda ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, a tara shi a rami a riƙa yayyafa masa ruwa har wata biyu kafin a yi amfani da shi. Ɗan barbaɗin toka yana da amfani, amma kaɗan. Ku tuna shukar da ke bokiti ba ta iya miƙa saiwa ta nemo abinci a wani wuri, abin da ka ba ta shi ke nan. Bayan kowane mako 2 ko 3 a ƙara mata tafi ɗaya na taki a sama.

Na uku, iri da lokaci. A nan ne mutane da yawa suke karaya. Suna shuka tumatir a watan Maris, ya girma ya yi fure, furen ya zube, sai su ce hannunsu ba shi da albarka. Hannun ba shi da laifi. A Nguru da Gashuwa zafin bazara yana wuce digiri 40, tumatir kuwa idan zafi ya yi tsanani haka ba ya riƙe fure. Lokacinsa shi ne bayan ɗaukewar damina. A yi renon iri a watan Oktoba, a dasa bayan mako 3 zuwa 4, sai a ci 'ya'yansa a cikin sanyin hunturu. Latas da karas da kabeji da albasa su ma 'yan hunturu ne. Da bazara da damina kuwa a koma ga namu na gado waɗanda suka saba da rana: alayyafo, rama, yakuwa, lalo da kuɓewa. Ina ba sabon shiga shawara ya fara da alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi a barbaɗa, kada a binne shi da zurfi. Cikin mako 3 zuwa 4 an fara tsinka, idan kuma aka yanke shi daga sama aka bar gindin zai sāke toho. Kuɓewa tana fara bayarwa wajen wata biyu. Kada a shuka duka rana ɗaya. A shuka baho ɗaya wannan mako, wani bayan mako biyu, domin kada ganye ya yi yawa yau a rasa shi gobe. A bar tushe ɗaya mai kyau ya tsufa ya yi iri, ba sai an sāke saye ba.

Na huɗu, ruwa. Na san wani zai ce, malam, mu da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ina muka ga na ba shuka? A lokacin sanyi bokiti ɗaya ba ya shan fiye da lita 1 zuwa 2 a yini. Ruwan wanke shinkafa da wake da ganye, da ruwan ɗauraya na ƙarshe wanda ba shi da kumfa, duk suna yi. Wanda ba shi da akuya sai ya ba shuka ruwan tsari. Amma ruwan omo da na bilic da ruwan da ke da gishiri ko maiƙo suna kashe ta. A zuba ruwa a gindi da sassafe ko da yamma, da bazara kuwa safe da yamma. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu domin rana kada ta shanye laimar. Wata dabarar kuma, a binne ƙaramin tulun ƙasa a tsakiyar baho har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafowa a hankali yadda saiwa ke bukata. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana da kanwa. Idan ka ga fari-fari ya taru a saman ƙasar, ka kankare shi, ka zuba ruwa mai yawa sau ɗaya har ya fita ta ƙasa ya wanke ta. Kuma kada a bar ruwa ya kwanta a buɗe kusa da shukar, domin kada mu nemi ganye mu haifi sauro.

Na biyar, tsaro. Shuka tana son rana kamar awa 6, ta safe ta fi. Da bazara a kafa mata zana ta tare ranar la'asar, baƙar roba kuma a naɗe ta da buhu domin kada saiwa ta dahu. Da damina a ɗora mazuban a kan bulo. Akuya da kaji da ƙadangaru abokan gāba ne, sai a kewaye da ƙaya ko zana, ko tsohon gidan sauro da ya yage ya gama aikinsa. Sabo na yara ne, kada a taɓa shi. Idan ƙwari suka sauka, maganinsu yana ƙofar gida: darbejiya, wadda a nan muke kira maina. A daka busassun 'ya'yanta kamar tafi biyu, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa wa ganyen sama da ƙasa da yamma. A maimaita bayan mako guda, a kuma wanke ganye sosai kafin a dafa.

Yanzu mu koma ga gwauruwarmu, gama akwai abin da ban so ya wuce mu. Tukwanen da suka cece ta na maƙwabta ne. Da ta kasance mace mai faɗa da kowa a unguwa, wa zai ara mata? Mu masu bi a arewacin Yobe 'yan kaɗan ne, yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani. Da yawa cikinsu sun gāji aikin lambu tun kakanni, sun fi mu sanin iri da ƙasa. Je ka gaishe da mai lambu, ka roƙi dashen attarugu, ka tambaye shi. Je ki wurin maƙwabciya mai awaki ki roƙi taki. Ranar da alayyafonki ya yi, ki tsinka ki aika mata da yaro. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida tukuna. Ku lura kuma gwauruwar ba ta yi aikin ita kaɗai ba, yaranta ne suke miƙo tukwane. Ku ba kowane yaro bokitinsa ya kula da shi. Ku kuma maza, kada ku ce wannan aikin zumuntar mata ne. Ɗaukar ƙasa da huda bokiti da kafa zana naku ne.

Akwai wanda ke saurarona yanzu yana cewa a ransa, ni ba ɗan garin nan ba ne, gudu ya kawo ni, ko aiki ya kawo ni, gobe zan koma, don me zan shuka? Haka mutanen Yahuza suka yi tunani sa'ad da Nebukadnezzar ya kwashe su zuwa Babila. Suna zaune da kayansu a ɗaure, annabawan ƙarya suna ce musu saura kaɗan. Sai Allah ya sa Irmiya ya rubuta musu wasiƙa daga Urushalima, tana nan a sura 29. Ya faɗa musu zaman zai kai shekara 70, ya umarce su su gina gidaje, su yi lambuna su ci amfaninsu, su nemi zaman lafiyar garin da suke baƙunta, su yi masa addu'a. Ɗan'uwa, Allah bai mance da garinku ba, muna kuma roƙo ya maido da salama ka koma. Amma yaranka yau suke jin yunwa. Lambun bokiti kuwa ya dace da baƙo, gama ranar tashi sai ka ɗora shi a amalanke tare da tabarma.

Ba zan ruɗe ku ba. Abin da ya faru a ɗakin gwauruwa mu'ujiza ce, ba na kuma ce muku bokiti goma za su cika rumbu ko su biya kuɗin makaranta. Gero da dawa sai gona. Amma idan ganyen miya ya fito daga tsakar gida kwana uku ko huɗu a mako, kuɗin da ya ragu a tara shi a rage bashin mai tebur, kamar yadda annabi ya sa biyan bashi a gaba. Tsiron iri ma aikin Allah ne, mun saba ganinsa ne kawai har ya daina ba mu mamaki. Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa wani yana shuka, wani yana ban ruwa, amma girma daga wurin Allah yake. Namu shi ne mu kawo mazubi. Man gwauruwa bai tsaya ba sai da tukwane suka ƙare, wato gwargwadon abin da ta aro, gwargwadon abin da ta samu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kada ka jira sai ka tara ashirin. Cikin makon nan ka huda bokiti ɗaya, ka haɗa ƙasa, ka barbaɗa alayyafo.

Abu na ƙarshe, mai sauraro. Annabi ya ce a kawo tukwanen da babu kome a ciki, gama wadda ta cika ba ta karɓar mai. Haka zuciyar mutum take a gaban Allah. Wanda ya ce ya isa, ba ya bukatar gafara, zai koma yadda ya zo. Wanda ya zo wurin Yesu Almasihu hannu wofi, ko da yana ganin kansa kamar fasasshen bokitin da aka yar a bayan ɗaki, Ubangiji ba zai ƙi shi ba. Zai gafarta masa, ya sa ransa ya ba da amfani ga iyalinsa da maƙwabtansa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da iri ga mai shuka da abinci ga mai ci. Muna kawo maka gwauraye da marayu da baƙi da masu zaman haya na Nguru da Gashuwa. Ka buɗe idanunmu mu ga abin da ka riga ka sa a gidajenmu. Ka albarkaci aikin hannuwanmu, ka kuɓutar da masu bashi, ka ƙara wa yaranmu lafiya. Ka ba mu zaman salama da maƙwabtanmu, ka maido da kwanciyar rai a Jihar Yobe da ƙasarmu duka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Ubangiji ya sa muku albarka, ya kiyaye ku.